Ciwon Baya A Bakin Aiki: Wa Zai Biya Kuɗin Tiyata?

Daga tashar jiragen ruwa ta Apapa zuwa masana'antun Ikeja, 'yan Arewa da dama da ƙarfinsu suke cin abinci. To, amma ranar da baya ya ƙage wa lebura yana cikin ɗaga buhu, nan ne rigima take somawa.

Likitoci sun bayyana cewa akwai guringuntsi tsakanin ƙasusuwan baya. Kaya mai nauyi yakan sa ya goce ya danne jijiya, zafi ya sauka har ƙafa. Yawanci magani da hutu da gashi sukan wadatar, amma wani sai an yi masa tiyata, irin wadda ake yi a Asibitin Ƙashi na Igbobi a Ikko ko na Dala a Kano.

Da yake wannan rauni ba ya jini, mai kamfani yakan ce ai tsufa ne, ko kuwa da ciwonsa mutum ya zo. Daga nan sai a sallame shi da ɗan kuɗin mota, ya koma gida hannun masu ɗori.

Doka kuwa ba haka ta ce ba. A 2010 aka kafa sabuwar dokar diyyar ma'aikata, wadda ta maye gurbin ta 1987. Kowane mai kamfani zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa a asusun hukumar NSITF, kuma an hana shi cire kuɗin daga albashinsu. Hukumar ce ke duba batun magani da diyya. Saboda haka ƙin amincewar maigida ba shi ne ƙarshen magana ba. Dokar ta haɗa har da leburan wucin gadi da wanda aka ɗauka da baki.

Sai dai akwai sharaɗi. Wanda ya ji rauni ya sanar da maigidansa cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Neman diyya cikin shekara guda ake yinsa. In hukuncin hukumar bai gamsar ba, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Don haka duk wanda abin ya sama, ya je asibiti da wuri, ya adana takardar likita, ya riƙe sunayen waɗanda suka gani, kuma kada ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba.