Ruwan Damina a Cikin Ƙofar Mota

Ga wata 'yar magana a kan abin da ke cin dukiyarmu a ɓoye, watau ruwan sama da ke kwanciya cikin ƙofar mota.

Da yawa daga cikinmu suna zaton ƙofar mota a toshe take ruf. To, ba haka ba ne. Ƙarfe biyu aka haɗa, na waje da na ciki, tsakaninsu kuwa fili ne, nan gilashi ke shigewa in an sauke shi. Robar nan ta bakin taga tana share yawancin ruwan, amma ba ta tare shi duka, ko da motar sabuwa ce fil. Masu ƙera mota sun san da haka, shi ya sa suka bar 'yan huji biyu ko uku a can gindin ƙofa, domin abin da ya shiga ta sama ya fita ta ƙasa. Aikinsu ɗaya da na indararo a kan soro. Kowa ya san abin da kan sami soron da indararonsa ya toshe.

Me ke toshe su? Ƙurar hunturu da ta yi wata da watanni tana taruwa, da ƙaiƙayi da dusa na wurin lodi irin su Dawanau, da lakar hanyar ƙauye. Ruwan fari na sauka sai su cuɗe su daskare. Kafin a kai Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi a ƙasarmu, ƙofa ta zama tulu.

Ni ma ta taɓa cina. Ina jin ƙofar tsohuwar a-kori-kurata tana motsi kamar gora mai rabin ruwa, na ƙyale. Ashe ledar da ake mannawa bayan allon ƙofa ta ciki ta yage, ruwa yana tsiyaya ƙasan mota. Buhun waken da na ajiye a gefen direba don kada ruwa ya taɓa shi, shi ne ya jiƙe ta gindi har ya yi funfuna. Wannan kuwa ƙaramar asara ce. Babbar ita ce tsatsa, don daga ciki take cin ƙarfe, ran da ka ga fenti ya kumbura ta riga ta gama aikinta. Tana kama ƙarfen da ke ɗaga gilashi da makulli, a motocin yanzu kuma ruwan yana lalata wayoyin lantarki da lasifika.

Maganin ba ya cin kwabo. Buɗe ƙofa, ka durƙusa ka leƙa gindinta, ka sa tsinken tsintsiya ka sokace kowane huji. Kada ka sa ƙusa, tana kankare fenti, nan kuma tsatsa ke samun ƙofa. Sa'an nan ka zuba ruwan buta a jikin gilashi daga waje. In ka ga yana ɗiga ta ƙasa nan take, to lafiya lau. A yi haka kafin ruwan fari, a sake a tsakiyar damina. In an kai mota wajen mai gyaran bodi, a ja masa kunne kada ya liƙe hujin da fenti ko fila, ya kuma mai da ledar nan wurinta. Masu toshe hujin da gangan, wai don kada ruwa ya shigo ta ƙasa, su sani ɓarawo suka kulle a cikin rumbu.

Mai sayen mota ta hannu kuma, musamman wadda ta fito daga ƙasashen sanyi irin su Kanada da Jamus, inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, kada ƙyallin fenti ya ruɗe shi. Ya shafa gindin kowace ƙofa da hannunsa kafin ya yi tayi. In ya ji gautsi ko kumburi, to ya rage kuɗin gyara a cikin farashi, yadda muke rage wa buhun da ƙwari suka shiga.