A Auna Lafiyar Ma'aikatanmu Tun Ciwo Bai Kwantar da Su Ba

Ikilisiyoyinmu da yawa suna da ma'aikata: mai injin niƙa, malaman makaranta, mai gadi, da masu feshi a gonar ikilisiya. Kafin dattawa su shirya musu taimakon lafiya, ya kamata a fara gano haɗarin da ke cikin aikin kowannensu.

Da farko, a zauna da mutum a tambaye shi yadda yake aiki. Mai niƙa yana shaƙar ƙurar gari kullum, ƙarar inji kuma tana iya rage masa ji. Mai feshi kuwa, maganin ƙwari yana shiga jikinsa ta fata da numfashi idan ba shi da safar hannu da abin rufe hanci.

Na biyu, a auna. Hawan jini ba ya yawan nuna alama, mutum yana cikin aikinsa sai shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko fiye a ranaku biyu dabam-dabam, a tura shi asibiti. Wanda tari ya kama har mako biyu, a gwada kakinsa saboda tarin fuka.

Na uku, a riƙe asiri. Sakamakon awo tsakanin mai shi ne da ma'aikacin lafiya. Kada a sanar a majami'a, kada kuma a sallami kowa saboda shi. Wanda yake tsoron rasa abincinsa zai ɓoye ciwonsa.

Ubangiji ya ba mu lafiya.