Cikin Doki Ba Cikin Saniya Ba Ne: Hattara da Ɗanyar Ciyawar Farkon Damina

A wannan fitowa muna so mu ɗan ajiye zancen farashi, mu yi magana a kan dokin da ke ɗaure a turke, wanda muke hawa mu bi garke, ko mu ɗaura masa karo ya kai mana kaya kasuwa. Duk shekara idan ruwa ya sauka a Jazira da bakin Shuɗin Nilu, daga ƙauyukan da ke kewaye da Wad Madani zuwa Mai Wurno, Sinja da Damazin, sai an ji labarin dokin da ya wuni yana kiwo lafiya lau, kafin asuba ya mutu da kumburarren ciki. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce maciji. To amma sau da yawa sanadin bai wuce abu guda ba: an saki dabbar da ta yi wata bakwai ko takwas a kan busasshen abinci, rana ɗaya ta cika cikinta da ɗanyen haki.

Yau asarar ta fi ta da ciwo. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, man fetur ya yi wuya, doki da jaki suka ƙara daraja, likitan dabbobi da magani kuma suka yi wa ƙauyuka da yawa nisa. Saboda haka abin da mutum zai iya yi da hannunsa kafin ciwo ya zo shi ne babban jari.

YADDA CIKIN DOKI YAKE

Mu mutanen shanu ne, shi ya sa mukan auna kowace dabba da mudun saniya. Saniya tana da tumbi babba mai ɗaukar fiye da lita 100. Takan haɗiye ciyawa, ta kwanta ta yi tuƙa, iskar da ta taru kuma ta fitar da ita da gyatsa. Shi kuwa doki cikinsa ɗan ƙarami ne, lita 8 zuwa 15 kawai. Ba ya tuƙa, ba ya iya amai, gyatsa ma da ƙyar. Duk abin da ya wuce maƙogwaronsa, hanya ɗaya gare shi, sai ya bi hanji mai tsawon wajen mita 30 kafin ya fita.

A can ƙarshen wannan hanji, wato babban hanji, ake narkar da ciyawa. Masu wannan aiki wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, kuma kowane irin abinci da irin ƙwayoyin da suka iya shi. Dokin da ya yi rani yana cin kara, harawar gyaɗa da dusa, ƙwayoyin cikinsa na busasshen abinci ne. Sabon tsiro kuwa kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne, ga zaƙi, ga laushi, babu ƙarfin da zai riƙe hanji. Idan ya shiga da yawa lokaci guda sai ya yi tsami a ciki kamar ƙullun da ya kwana, iska ta taru, ƙwayoyin da suka saba aiki su mutu. Kafin cikin doki ya saba da sabon abinci yana bukatar mako biyu zuwa uku. Wannan shi ne tushen duk abin da za mu faɗa a ƙasa.

ABIN DA KE BIYO BAYA

Na farko shi ne murɗar ciki, wadda a Larabcin ƙasar nan ake ce wa magas. Za ka ga doki ya ƙi abinci, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen kwiɓinsa, yana kwanciya yana tashi, gumi na karyo masa. Wani lokaci iskar takan ture hanji daga mazauninsa ko ya murɗe, wannan kuwa sai aikin tiyata, abin da babu shi a ƙauyukanmu.

Na biyu zawo, wanda kan zuƙe dabba cikin kwana biyu.

Na uku mutane ba su cika haɗa shi da ciki ba, wato zafin kofato. Dafin da ya taso daga hanji da yawan zaƙi su ke sauka a ƙafa. Dokin zai tsaya ya miƙa ƙafafun gaba, ya jingina nauyinsa baya, yana takawa kamar mai tafiya a kan ƙaya, kofato da zafi idan ka taɓa. Wanda ya tsira ma sau da yawa ba ya sake moruwa a doguwar tafiya.

YADDA ZA A SABA MASA

Kada a yi gaggawar sakinsa a kan tsiron yayyafin farko, wanda a nan ake kira rushash, wajen watan Yuni. Ciyawar ba ta yi tsawon da zai ciza ba, sai ya riƙa tuge ta da saiwa da ƙasa, ƙasar ta taru a hanji. A jira harif, wato damina sosai, ta kankama, ciyawa ta kai taƙi guda, kamar santimita 20.

Daga nan sai a bi wannan tsari. Kowace safiya a fara ba shi busasshen abincinsa a turke, ingirici ko harawa ko kara, har ya ci rabin ciki. Dokin da aka saki da yunwa ba ya zaɓe, haɗiya kawai yake yi. A bari rana ta ɗaga, raɓa ta bushe. Ranar farko a riƙe shi da ragama ya yi kiwo na minti 15 zuwa 20, a maido shi. Kowace rana a ƙara minti 15. Cikin mako biyu zuwa uku zai kai awa huɗu ko biyar, a nan ne za a iya yi masa dabaibayi a bar shi ya wuni. Yaron da aka ba wannan aiki a ja masa kunne sosai, domin yara sukan ga kamar rowa ake yi wa doki. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Wanda dokinsa ba ya fita, sai dai a yanko masa, shi ma dokar ɗaya ce. A fara da dami ɗan ƙarami a gauraya da busasshe, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Harƙiya da kiri-kiri sun fi kwanciya a cikin doki. Kada a bar ɗanyar ciyawa a cushe cikin burgame ko buhu ta ɗauki zafi. A zazzage ta a inuwa, a baza, ta sha iska. Barsim da ake nomawa a bakin ruwa, dawaki na son sa ƙwarai, amma idan jiƙaƙƙe ne ko ya kwana a tare ya yi ɗumi, yana cikin abubuwan da suka fi kawo kumburi.

Ga ɗan lissafi. Doki mai nauyin kilo 300 yana bukatar busasshen abinci kilo 5 zuwa 6 a rana. Idan da ɗanyen haki zalla zai samu wannan, sai ya ci kilo 25 ko fiye. Shi ya sa za ka ga doki ciki tim amma ba ƙarfi. Don haka duk mai doki ya ɓoye harawar da za ta kai shi ƙarshen Yuli, ko da farashinta ya hau a ƙarshen rani.

Hatsi kuma a rage shi yayin da ciyawa ke ƙaruwa. Kada dawa ta wuce kilo ɗaya a ci guda, gara a raba sau biyu ko uku. Ruwa ya kasance kullum, domin doki kan sha lita 25 zuwa 45 a rana, fiye da haka idan yana jan karo. Gishiri ko 'yar kanwa, wadda ake kira atrun, a ajiye masa ya lasa da kansa.

GYAURO DA DANGINSA

Ƙasar nan ta dawa ce. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, iyayenmu suke aiki a hawasha, kuma duk inda ka duba akwai dawa: faterita, Abu Saba'in da ake nomawa don dabbobi, da garawi, wadda aka kai irinta Amurka daga Hartum a 1909 har suka sa mata suna ciyawar Sudan. Dukkansu idan suna ƙanana, ko suka sake tofowa bayan yanka, akwai dafi a ganyensu. Abin da muke kira gyauro ke nan a ƙasar Hausa, kuma kowane makiyayi ya san yana kada saniya nan take. Dafin ya fi ƙarfi idan tsiro bai kai gwiwar mutum ba, ko ruwa ya ɗauke ya yi yaushi sannan aka sake yin ruwa.

Ga doki, bayan wannan akwai wata cuta ta daban. Idan ya daɗe yana kiwo a kan ɗanyar dawa, sai ka ga fitsari na ɗiga masa ba ya iya riƙewa, ƙafafun baya na tangaɗi. Goɗiya mai ciki takan yi ɓari ko ta haifi dukushi da nakasa. Wannan idan ya kama, da wuya ya saki. Kada a ɗaure doki a tsohuwar gonar dawa da farkon damina, ko da kyauta aka ba ka.

ABINCIN SHANU BA NA DOKI BA NE

Wannan ya fi shafar mu masu turka shanu. Haɗin abincin ƙiba da ake sayarwa a buhu wani lokaci akwai yuriya a ciki, wani kuma akwai wani magani mai suna monensin, wanda ake sa wa abincin shanu da na kaji. Saniya za ta ci ta yi ƙiba, doki kuwa monensin kaɗan ya isa ya lalata masa zuciya ya mutu. Buhun da ba ka san haɗinsa ba, kada ka ɗiba wa doki. Haka nan umbaz, wato tunkuzar gyaɗa ko ta riɗi, da dawa da dusar da danshi ya kama suka yi fumfuna, a zubar kawai.

Damina kuma lokacin tsutsar ciki ce. 'Ya'yanta sukan hau jikin ciyawa idan da raɓa, wannan ma dalili ne na jiran rana ta ɗaga. A kwashe kashi daga wurin ɗauri akai-akai. Maganin tsutsa irin su ivermectin a ba da shi bisa nauyin dabba da shawarar likita. Allurar shanu ba a yi wa doki ita da ka.

DOKIN DA AKA SAYO DAGA NESA

Masu sayo dawakin yamma, na Darfur ko na Chadi, ko masu haurawa da dabbobi ta Gallabat zuwa Matamma a Habasha, su lura cewa ruwa ba ya sauka lokaci ɗaya ko'ina. Kudu wajen Damazin da Kurmuk kan riga Wad Madani samun ruwa da makonni. Kana iya tashi daga inda ƙasa take fayau, bayan kwana biyu a mota ka sauke doki a cikin kore shar. Dabba ta gaji, ta sha ƙishirwa, ga yunwa: babu lokacin da ya fi wannan haɗari. A tambayi mai sayarwa abin da dokin ke ci, a sayi na mako guda a taho da shi. Idan an sauka a fara da ruwa kaɗan-kaɗan da busasshen abinci, ya huta kwana biyu, sannan a shiga tsarin minti 15.

IDAN CIWON YA ZO

A ɗauke duk abinci daga gabansa, a bar masa ruwa. A ja shi a hankali yana tafiya minti goma, ya huta, a sake. Ba sukuwa ba, ba duka. A kanga kunne a kwiɓinsa: lafiyayyen ciki yana ƙugi, shiru ɗin shi ne abin tsoro. A ɗaga leɓe a duba dasashi, idan ya yi ja wur ko ya yi shuɗi-shuɗi abin ya yi nisa. Bugun zuciyar lafiyayyen doki 28 zuwa 44 ne a minti, ana jin sa a ƙarƙashin muƙamuƙi. Idan ya haura 60, a nemi likita ko da a waya ne, kada a jira gari ya waye.

Kada a ɗura masa mai ko jiƙo ta hanci, kada kuma a ɗaga kansa sama a ɗura da kwalba. Abin kan zarce huhu, dokin da zai tashi daga ciwon ciki ya mutu da ciwon ƙirji. Kananzir da gas kuwa guba ne. Mai zafin kofato a raba shi da ɗanyar ciyawa da hatsi gaba ɗaya, a tsayar da shi cikin ruwa mai sanyi a bakin tur'a ko kogi, a kwantar masa da ƙasa mai laushi, kada a hau shi.

Sai dai idan ka ga zazzaɓi, da kumburi a saman ido, da kumfa a hanci, wannan ba na ciyawa ba ne. Cutar dawaki ce da ƙananan ƙwari masu cizo da dare ke yaɗawa da damina. A gaggauta sanar da likitan dabbobi da maƙwabta masu dawaki.

Muna roƙon sarakunan zango da shugabannin kasuwa su karanta wa yaran barga wannan bayani tun kafin hadari ya fara haɗuwa, domin su ne ke riƙe da ragama da safe. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiya.