Bitamin Ga Yaron Da Ciwo Ya Kwantar: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

A layin asibiti da bakin kyamis ana yawan jin cewa yaron da ciwo ya galabaitar bitamin ne ya ƙare a jikinsa, a ɗura masa kawai ya miƙe. Maganar ba ƙarya ce zalla ba, shi ya sa ta kama zukata. Baƙon dauro yana cinye bitamin A na jikin yaro, daga nan sai dundumi, gyambon ido, wani lokaci makanta. Wani bincike da aka yi a Cape Town, aka fitar a 1990, ya nuna cewa bai wa yaran da aka kwantar saboda baƙon dauro wannan bitamin ya rage mace-mace. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba duk yaron da ya kamu da baƙon dauro sau biyu, yau da gobe: awo 50,000 ga jaririn da bai kai wata 6 ba, 100,000 daga wata 6 zuwa 11, sai 200,000 daga shekara ɗaya. Ƙaryar ita ce wai ɗigon bitamin ɗin ya wadatar, ba sai an yi allurar rigakafi ba. Ba ya hana kamuwa. Kuma yawansa illa ne, domin a hanta yake taruwa, ya kawo amai da kumburin maɗiga.

Inda jita-jitar ta fi haɗari shi ne wajen mai tamowa mai tsanani. Uwa ta ga tafin hannun ɗanta ya yi fari, sai a ce mata ta sayo maganin ƙarin jini. Jinin kam ya yi ƙasa, amma sinadarin ƙarfen da ke cikin maganin yana iya ƙara wa ƙwayoyin cuta ƙarfi a kwanakin farko, shi ya sa likitoci ke jinkirta shi har yaro ya fara cin abinci yana ƙara nauyi. Haka ruwan ɗorawar nan da ake maƙala wa yara a ɗakunan kyamis, wai yana sa kuzari. Zuciyar mai tamowa ta raunana, ruwan da ya shiga jijiya da sauri yana iya fin ƙarfinta.

Wani zai ce, to ai a cibiyoyin tamowa ma bitamin ake bayarwa. Haka ne, sai dai a aune yake cikin madarar F-75 da ake farawa da ita kaɗan-kaɗan, da kuma tunkuzar gyaɗar nan ta leda da ake ba yaro daga baya, tare da maganin ƙwayoyin cuta, da ɗumama jiki, da lura da sukarin jini. Ƙara masa na kasuwa ba ya gaggauta warkewa. Yaron da ƙafafunsa biyu suka kumbura, ko ya ƙi nono, ko yake suma, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya a kyamis.