Waƙar Karen Mota a Kan Hanyar Madawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin babbar hanya a Madawa lokacin kakar albasa ya san yaron da za mu yi magana a kansa: yana bisa lodi yana ɗaure buhuna, ko yana ƙarƙashin mota yana kwance taya, kafin a kama hanyar Abijan. Direba ake gaisarwa, mai kaya ake yi wa fatan riba, shi kuwa karen mota rabonsa tsawa. Shi ne wanda marigayi Ɗan Maraya Jos, haifaffen Bukur a 1946, wanda ya rasu a 2015, ya ɗauki kuntigi ya waƙe.

Darajar waƙar tana ga wanda aka zaɓa. Makaɗi a al'ada sarki yake wasawa, ko attajiri, wato mai hannun kyauta. Ɗan Maraya a gidan sarautar Bukur ya tashi bayan rasuwar iyayensa, ya san ƙofar fada sarai, amma ya juya ga mai tura mota in ta mace. Wani zai ce ai manoma da maƙera da mahauta sun daɗe da makaɗansu. Haka ne, sai dai waɗannan sana'o'in gado ne, masu asali da sarauta. Karen mota bai gaji aikinsa ba, motar ba tasa ba ce, kayan ma haka. Ko sunan da aka laƙaba masa ya isa shaidar inda aka ajiye shi.

Akwai kuma masu raina kuntigi, wai gwangwani ne da tsirkiya ɗaya. To, ai ƙarancin kiɗan ne ke buɗe wa magana fili. A 1974, a birnin New York, mawaƙiya Patti Smith ta naɗi waƙa kan aikin da ta yi a wata masana'anta a New Jersey, kusan zance ne tsagwaro bisa fiyano, kuma ana lissafa ta cikin tushen kiɗan punk. Amma ita burinta ta tsere daga masana'antar. Yaron da ke bin mota da waiji a hawan duwatsun Buza da Kaita burinsa ya tsaya kusa: wata rana a miƙa masa sitiyari.