Keken yaro ba rigar Sallah ba ne

A hutun da ya gabata na je gida Gumel, na tarar da ɗan ƙanena mai shekara tara da ɗori a hannun dama. Da na tambayi dalili, sai uban ya ce: "Wallahi Yaya, keke na saya masa na zuwa makaranta. Ranar Alhamis ya hango motar shanu ta taso daga kasuwar Maigatari, ya kauce gefen titi, rairayi ya riƙe tayar, ƙafarsa kuma ba ta kai ƙasa ba." Da aka fito da keken, sai na ga irin dogon nan na magidanta, mai taya inci 28, wanda nauyinsa ya doshi kilo 20. Hujjar ƙanena ita ce wadda kowa ya sani: yaro zai girma ya tarar da abinsa.

A matsayina na ɗalibin harshe, na daɗe ina nazarin kalmar "girma". Da ita Bahaushe ke auna jiki, da ita yake auna shekaru, da ita kuma yake auna mutunci. Ina kyautata zaton wannan na cikin abin da ke sa uba ya ji kamar ya rage wa ɗansa daraja idan ya saya masa ƙaramin keke. Da wannan tunani muke ɗinka rigar Sallah har tana jan ƙasa. To, amma riga ana naɗe hannunta, iyakar illarta dariyar abokai. Keke kuwa sai dai yaro ya zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda, ya karkace yana tuƙi kamar yadda muka koya a kekunan haya, alhali a zamaninmu babu manyan motoci da babura irin na yau. Ga shi ƙasar tamu, daga Gagarawa har Sule Tankarkar, jigawa ce kamar yadda sunan jihar ya nuna, kuma a cikin rairayi wanda bai iya dire ƙafa nan take ba faɗuwa zai yi.

Kekunan yara da faɗin taya ake auna su. Bisa ƙiyasi, inci 16 na ɗan shekara huɗu zuwa shida ne, inci 20 daga shida zuwa tara, inci 24 daga tara zuwa goma sha biyu. Sai dai shekaru na yaudara, domin sa'anni ba tsawonsu ɗaya ba. Don haka a tafi da yaron wurin mai sayarwa, kada a yi aike. Ya tsaya ƙafafunsa a ƙasa, keken a tsakaninsu, a ga ratar yatsu biyu ko uku tsakanin sanda da jikinsa. Ya zauna a sirdi, a ga kan yatsun ƙafarsa na taɓa ƙasa ta ɓangarori biyu. Idan sabon koyo ne, tafin ƙafar gaba ɗaya. Idan feda ta sauka ƙasa, gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Abin da aka fi mantawa shi ne birki: an ƙera na manya don tafin hannun manya, yaro kuwa sai ya saki riƙonsa kafin ya cafko shi.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da ƙarfi: wane ma'aikaci ne zai sayi keke uku kafin ɗa ɗaya ya gama firamare? Ba sai sabo ba. Keken hannu mai lafiyayyen birki ya wadatar, ana ɗaga sirdi yayin da yaro ke miƙewa, muddin ba a wuce layin da aka zana a jikin ƙarfen ba, sannan a gidajenmu ba a rasa ƙanin da zai gada.

Ƙanena dai ya riƙe dogon keken yana zuwa gona da shi. Mun auna yaron, inci 20 ya yi masa daidai, muna jiran mai ɗori ya kwance karan.