Fitilar Hazo da Fitilar Nesa a Hanyar Tambuwal

Da zarar hunturu ya kama, tsakanin Nuwamba da Maris, babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari da Tambuwal, ta miƙe zuwa Aliero da Jega, takan koma wata iri bayan sallar isha'i. Ƙura ta rufe sama, tirelolin shanu da na albasa sun tasam ma Kudu, ƙananan motocin haya na sauri su kai tasha kafin dare ya raba. Kusan kowace mota an ƙara mata ido. Wata an jera mata zagayayyun fitilu huɗu a kan bamba, wata an ɗora mata doguwar sandar LED a saman gilashi, fara ƙal kamar tartsatsin walda. Ɗan kabu-kabun da ya fito daga Kebbe ko Kuchi ya hau wannan titi, dabararsa ɗaya ce: ya sauka gefe, ya runtse ido har su wuce.

Direbobin suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Yawancin motocin da ke jigila a yankin tsofaffin 'yan Kwatano ne, robar fitilunsu ta yi ja saboda rana da yashi, madubin cikin ya dushe. Ga ramuka, ga amalanken shanu da ba ya da ko ƙyallin fitila, ga garken da ke tsallaka titi, ga babbar motar da ta mace a tsakiyar hanya, alamarta kawai 'yan rassan ganye da yaron mota ya zuba. A shekarun nan matsalar tsaro ta ƙara wani dalilin, domin mai tafiyar dare a ƙauyukan da ke iyaka da Zamfara yana son ya hango abin da aka gitta a hanya tun daga nesa. Ƙarin fitila halal ne ga wanda ke cikin wannan hali. Inda gizo ke saƙa shi ne, fitilu iri biyu masu aiki kishiyar juna ake saye da suna ɗaya, a ɗaura su wuri ɗaya, a kunna su lokaci ɗaya.

Fitilar nesa ƙanwar ful ce. Haskenta siriri ne mai tsawo, an yi ta don hanyar da babu kowa a gaba kuma iska tana garau. Fitilar hazo kuwa haskenta faffaɗa ne, gajere, an datse shi daga sama. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya kan fitilun mota, wadda masana'antun Turai ke bi, ta ce kada ta gaza santimita 25 daga ƙasa, kada kuma ta ɗara tsayin fitilar dim. Dalilin yana cikin iskar kanta. Hazon da ke rufe Sakkwato ƙura ce mai laushi, kuma kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi iska ke kwaso ta. Kowace ƙwayar ƙura da haske ya bugi jikinta tana mayar da wani abu daga cikinsa baya. Idan fitila tana kusa da saitin idon direba, hasken da ya dawo cikin idonsa zai faɗa, sai ya ga farin bango a gabansa. Idan tana can ƙasa, hasken zai bi doron kwalta ya nuna gefen hanya da bakin rami, idon kuma ya huta. Saboda haka sandar LED da ke saman gilashi ita ce mafi munin abin da za a kunna cikin hazo. Mai ita yakan ji kamar ya fi kowa gani don gabansa ya yi fari, alhali ƙura kawai yake haskawa.

Akwai daɗaɗɗen zance a tasha cewa fitila ruwan ɗorawa tana huda hazo. Faransa ta wajabta wa motocinta irin wannan launi tun ƙarshen shekarun 1930, ba ta saki dokar ba sai 1993. Abin da aka tabbatar shi ne launin ba ya ƙara nisan gani wani abin a zo a gani, sai dai ya fi farin haske mai shuɗi-shuɗi sauƙi a ido, na direba da na wanda ke tahowa. Wannan kaɗai ya isa dalilin zaɓensa, amma kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba.

Lissafin gudu ya fi launi muhimmanci. Mota mai gudun kilomita 80 a sa'a, iyakar da doka ta yanka wa ƙananan motoci a irin wannan hanya, tana cin mita 22 a daƙiƙa guda, kuma tana bukatar sama da mita 50 kafin ta tsaya cik a busasshiyar kwalta. Fitilar hazo ba ta wuce mita 20 zuwa 30. Duk wanda ya kunna ta ya ci gaba da taka mai yadda ya saba, abin da zai buge ne kawai take nuna masa.

Sai batun wayarin, inda aka fi yin ganganci. A tsaya a rumfar mai rewaya a ga yadda aikin gaggawa ke tafiya: ya feɗe wayar fitilar mota da reza, ya murɗa sabuwar waya a kai, ya naɗe da baƙin salatif, ya huda roba a gefen sitiyari ya cusa makunni. Minti ashirin an gama, fitila ta kama, mai mota ya biya yana murna. Ba lallai laifin mai rewaya ba ne, domin sau da yawa mai motar ne ya ce a yi masa na araha, lodi na jiransa.

Ga abin da ya faru a cikin wayar. Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne. Ƙwan fitila mai wat 55 yana jan kusan amp 4.6, biyu sun haura amp 9. Masu wat 100 da direbobi suka fi so, biyu suna jan kusan amp 17. Wayar asali da makunnin da ke jikin sitiyari an auna su ne daidai nauyin fitilun da motar ta zo da su. Ƙara musu wannan kaya yana sa su ɗumama, roba ta yi laushi, makunni ya narke daga ciki. Idan an yi sa'a, fis ne zai yanke, kuma zai yanke ne da manyan fitilun gaba ɗaya, ana tsakiyar gudu cikin duhu. Daga nan sai a ƙara kuskure a kan kuskure, a naɗa silin waya ko takardar kwalin sigari a gurbin fis don kada ya sake yankewa. Motocin da ke kamawa da wuta daga ƙarƙashin bonet, da yawansu daga irin wannan gyara suka faro.

Maganin ɗan ƙaramin akwati ne baƙi da ake kira rile, wanda kuɗinsa bai kai na fitila ɗaya ba. A gindinsa akwai ƙafafu masu lamba, bisa tsarin Jamus da kusan duk duniya ta ɗauka. Lamba 30 tana karɓar wuta kai tsaye daga batir, ta waya mai kauri, da fis nata na kanta a kusa da kan batirin, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Lamba 87 tana kai wutar ga fitilu. Lamba 85 ta tafi bodi, a kan ƙarfen da aka kankare fenti da tsatsa. Lamba 86 ita ke karɓar umarni daga makunni, kuma wutar da ke bin ta ba ta kai rabin amp ba, don haka makunni ba zai taɓa zafi ba. Ga fitilu biyu masu wat 55, waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 da fis mai amp 15 sun wadatar. A lura da wayar kasuwa mai arha, wadda sanholo ce aka shafa wa jan ƙarfe: a kankare silinta da wuƙa, in ciki ya fito fari a ajiye ta. Inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, domin girgizar hanyar ƙauye tana yanka waya a hankali. Manyan motoci bolt 24 suke, rile da ƙwai dole su zama nasu.

A ganina, duk mutuncin aikin yana kan tambaya ɗaya: daga ina lamba 86 za ta sami wuta? Idan fitilar nesa ce, a ɗauko daga wayar ful, ta bi ta makunni. Ta haka ba za ta kama ba sai an kunna ful, kuma da direba ya ba na gabansa dim, za ta mutu tare da shi. Wanda aka haɗa wa kai tsaye da batir sai ya lalubi makunni na biyu a cikin duhu, ga sitiyari ga giya, kafin ya same shi an riga an gifta. Yawancin masu kashe wa mutane ido a hanyar Jega ba mugunta ce ta sa su ba, wayarinsu ne bai ba su damar yin ladabi ba. Fitilar hazo kuma a ɗauko umarninta daga ƙananan fitilun fakin, yadda za ta yi aiki da dim ko ba tare da shi ba.

Zuwan LED ya rage jan wuta, ya ƙara wata fitinar. Ana cire ƙwan asali a cusa na LED ko na zenon cikin gidan da aka ƙera don halojin, haske ya fito daga inda madubin bai yi tsammani ba, ya watsu sama. Akwai kuma motocin da aka ƙera don Ingila ko Japan aka juya musu sitiyari aka bar fitilun. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun Afrilun 1972, su kuwa waɗannan fitilu haskensu yana ɗagawa ne ta hagu, daidai fuskar mai tahowa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da saɓa dokar fitila cikin jerin laifukan da take cin tara a kai, sai dai sintirinta ya fi yawa da rana, lokacin da fitilun ke kashe.

Bayan mota ma abin dubawa ne. Yawancin motocin da suka fito daga Turai suna da jar fitilar hazo ta baya, mai ƙarfi, makunninta na nan a dashbod, direbobi da dama ba su taɓa danna shi ba. A Ingila sai gani ya gaza mita 100 ake yarda a kunna fitilun hazo, gaba da baya, kuma dole a kashe su in gari ya washe. Mu kuwa mun fi son kunna sigina biyu muna tafiya, na baya ya rasa gane ko tsaye muke ko juyawa za mu yi.

Saitin ba ya bukatar na'ura. A sami shimfiɗaɗɗen fili, a tsayar da mota mita 10 daga bango da dare, a auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi da gawayi a bangon daidai wannan tsayi. Saman hasken dim ya sauka santimita 10 ƙasa da layinsa, na fitilar hazo kuma kamar 20. Motar haya a auna ta da lodinta, domin buhunan da ke but suna danne baya su ɗaga hanci, fitilar da ke daidai a gareji ta koma kallon idon direban tirela.